Yadda Ake Gyara Matsalar Neman Fayil da Gajerun Hanyoyin Maɓallai a Kwamfuta

Kwamfutoci iri biyu ne ke aiki a Maraɗi. Akwai waɗanda suka zo da jerin maɓallai irin na Faransa, wato AZERTY, akwai kuma waɗanda suka biyo ta Kano da Katsina, suka tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa, masu jerin QWERTY. Sau da yawa jikin kwamfutar na wani ɓangare ne, Windows ɗin da aka zuba mata kuma na ɗaya ɓangaren. Shi ya sa mai shagon buga takardu a gefen babbar kasuwa, da ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai rubuta kundin kammala karatu, da sakataren ƙungiyar manoman rani a Jiratawa, duk kukansu ɗaya ne: an danna maɓalli bai yi aikinsa ba, ko an nemi fayil kwamfuta ta ce babu.

Abin da aka saba yi shi ne a kai wa mai gyara ya goge komai ya sake zuba Windows. A nan ne ake asarar takardun shekara da shekaru, alhali mafi yawan lokuta fayil ɗin yana nan lafiya lau, saiti ne kawai ya karkace. Matakan da ke ƙasa an jera su ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka bi su bi da bi, kana gwadawa bayan kowane mataki.

Bayanin ya shafi Windows 10 da Windows 11, da akwatin neman da ke fitowa idan ka danna maɓallin Windows, da manhajojin da ake ƙarawa don buɗe abubuwa da sauri, irin su PowerToys Run na Microsoft da Flow Launcher. Sunayen saituna na Faransanci ne, tunda su aka fi gani a nan. Maj shi ne Shift, Échap shi ne Esc, Espace kuma dogon maɓallin nan na tazara.

Kashi na ɗaya: idan maɓallai sun ƙi aiki

Mataki na 1: Tabbatar da jerin maɓallan da Windows ke karantawa

Buɗe Bloc-notes, ka danna haruffa shida na farko a layin sama. Idan abin da ya fito a fuskar kwamfuta ya saɓa da abin da ke rubuce a kan maɓallan, ka gano bakin zaren. Tsakanin AZERTY da QWERTY, A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, ita ma M ta ƙaura. Illar ba ƙarama ba ce: kana danna Ctrl da Z don ka janye kuskure, kwamfuta tana jin Ctrl da W, wanda aikinsa rufe takarda ne ko shafin intanet.

Duba ƙasa ta hannun dama kusa da agogo, za ka ga FRA ko ENG. Riƙe maɓallin Windows ka danna Espace har ka kai kan wanda ya dace da jikin kwamfutarka. Idan yana yawan sauyawa da kansa, yatsunka ne ke taɓa Alt da Maj a tare, domin su ma suna juya harshe. Maganin dindindin shi ne ka shiga Paramètres, sai Heure et langue, sai sashen harshe, ka cire jerin da ba ka amfani da shi. Mai rubutu da Hausa da ya ƙara jerin Hausa na Windows don samun ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ya tuna cewa a kan QWERTY aka gina shi.

Mataki na 2: Gwada ko maɓallin ne ya mutu

Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai, kuma Ctrl, Alt da maɓallin Windows, da suke layin ƙasa, suna shan ta sosai. Danna Windows da R, ka rubuta osk, ka danna Entrée. Hoton maɓallai zai fito. Riƙe Ctrl na jikin kwamfuta ka ga ko na hoton ya canza launi, sannan Alt, sannan Maj. Wanda bai motsa ba shi ne mai laifin. Kashe kwamfutar, ka kifa ta, ka share tsakanin maɓallan da burushi mai laushi. Idan bai farfaɗo ba, ka jona wasu maɓallai na waje ta USB. Sun fi canza na jiki araha.

Mataki na 3: Kashe saitunan da ke kunna kansu

Danna Maj sau biyar a jere yana kiran Touches rémanentes, riƙe Maj na dama na daƙiƙa takwas kuma yana kiran Touches filtres. An yi su ne don masu lalurar hannu, amma idan sun kunnu bisa kuskure, a shagon da yara ke wasa da kwamfuta misali, sai maɓallai su riƙa maƙalewa ko jinkiri. Danna Windows da U, ka nemi Clavier, ka kashe duka biyun.

Idan F2 ko F5 suna taɓa sauti ko haske maimakon aikinsu, Fn ne ya kulle. A kwamfutoci da dama Fn da Échap suna buɗe shi. Idan kuwa J, K da L suna fitar da 1, 2 da 3, Verr Num ne ke kunne.

Mataki na 4: Duba ko manhajar tana aiki

PowerToys Run ko Flow Launcher ba za su amsa kira ba sai suna kunne a bayan fage. Danna ƙaramar kibiyar da ke kusa da agogo ka ga ko alamarsu tana nan. Idan babu, ka buɗe manhajar da hannu, sannan ka danna Ctrl, Maj da Échap, ka shiga sashen Démarrage, ka ba ta izinin tashi tare da Windows. Haka kuma, idan tagar da kake ciki an buɗe ta da ikon mai kula da kwamfuta, wato administrateur, wasu gajerun hanyoyin PowerToys ba za su yi tasiri a kanta ba sai shi ma an buɗe shi da wannan ikon.

Mataki na 5: Raba rigimar manhajoji a kan maɓalli ɗaya

PowerToys Run da Flow Launcher duka suna zuwa ne da Alt da Espace, kuma tun asali Windows yana amfani da wannan haɗin don buɗe ƙaramin jerin umarnin taga. Idan ka zuba biyun, ɗaya zai rinjayi ɗaya. Cire guda, ko ka shiga saitinsa ka ba shi wani haɗin.

Wajen zaɓe, ka guji Windows da Espace, tunda na juya harshe ne. Ka kuma guji duk haɗin da ya fara da Ctrl da Alt, domin Windows yana ɗaukarsu daidai da AltGr, wanda da shi ake rubuta @ da € a AZERTY. Gwada sabon haɗin a cikin Word da kuma manhajar shiga intanet kafin ka amince da shi. Wani bambancin kuma ba lalacewa ba ne: kaurara rubutu a Word na Faransanci Ctrl da G ne, a na Ingilishi Ctrl da B.

Kashi na biyu: idan nema bai kawo fayil ba

Akwatin nema ba ya zagaya cikin kwamfuta duk lokacin da ka tambaye shi. Kamar mai shago ne da ke duba littafin kayansa maimakon shiga sito: abin da ba a rubuta a littafin ba zai ce babu, ko da yana jibge a ciki. Windows yana da irin wannan kundi na sunayen fayiloli, kuma PowerToys Run ma da shi yake dogara. Gyaran nema, gyaran kundin nan ne.

Mataki na 6: Fara tabbatar da cewa fayil ɗin yana nan

Danna Windows da E, ka duba jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan. A Word, shiga Fichier, sai Ouvrir, za ka ga takardun baya-bayan nan tare da inda kowace take. Leƙa Téléchargements da Corbeille. Da zarar ka san foldar da yake, ka san wurin da kundin ya tsallake.

Mataki na 7: Shigar da faifan D cikin kundi

Masu gyara sukan raba faifai gida biyu, su ce a riƙa ajiya a D don kada a rasa kaya ranar da aka sake zuba Windows. Shawara ce mai kyau, sai dai kundin Windows a saitinsa na asali foldojin mai amfani da ke C kawai yake kulawa da su, irin su Documents, Images da Bureau. Wannan yana cikin manyan dalilan da ke sa nema ya dawo hannu rabbana.

Buɗe Panneau de configuration, ka shiga Options d'indexation, ka danna Modifier, ka sa alama a kan D ko a kan foldojin aikinka, ka danna OK. Idan kwamfutar tsohuwa ce, zaɓar foldojin aiki kaɗai ya fi, don kada ta yi nauyi.

Mataki na 8: Tayar da sabis ɗin nema

Wasu masu gyara suna kashe shi don kwamfuta ta ƙara sauri. Danna Windows da R, ka rubuta services.msc, ka nemo Windows Search. Danna shi sau biyu, ka mai da yanayin tashinsa zuwa Automatique, ka danna Démarrer. Idan yana kunne, ka danna masa dama ka zaɓi Redémarrer.

Mataki na 9: Sake gina kundin

Ɗaukewar wuta ana tsakar aiki tana iya lalata kundin, musamman a kwamfutar tebur ko wadda batirinta ya mutu. Alamar ita ce nema ya riƙa kawo fayilolin da ka riga ka goge, ya bar sababbi. A Options d'indexation, danna Avancé, sai Reconstruire. Ba fayil ɗinka ko ɗaya da za a taɓa. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, yana kuma ja da baya idan kana aiki ko kana kan batiri, saboda haka ka jona wuta, ka bar kwamfutar ta huta har tagar ta nuna an kammala.

Mataki na 10: Idan akwatin kansa ne ya daskare

Danna Ctrl, Maj da Échap, ka nemo Explorateur Windows, ka zaɓi Redémarrer. A sashen Détails, ka tsayar da SearchHost.exe a Windows 11, ko SearchApp.exe a Windows 10. Zai tashi da kansa. Idan akwatin yana buɗewa amma ba ya karɓar rubutu, danna Windows da R ka rubuta ctfmon.exe. Idan duk bai yi ba, buɗe Invite de commandes da ikon administrateur, ka rubuta sfc /scannow, ka jira ya gama gyaran fayilolin Windows.

Mataki na 11: Duba yadda kake rubuta sunan

Ba kowace manhaja ce ke ɗaukar ɗ da d, ko ƙ da k, a matsayin harafi ɗaya ba. Fayil mai suna Maraɗi yana iya ƙin fitowa idan ka rubuta Maradi, haka mai Djiratawa idan ka rubuta Jiratawa. A akwatin nema na Explorateur, tauraro yana cike gurbin abin da ba ka tabbatar ba: Mara* ko *iratawa*. Idan nau'in fayil kawai ka tuna, *.pdf ko *.xlsx zai jero maka su duka. Takardar da aka yi wa sikan kuwa hoto ce, babu rubutun da nema zai karanta a cikinta, sai dai sunanta.

Mataki na 12: Fayilolin da suka ɓace a kile

Kile ta USB ba ta shiga kundi, don haka ka buɗe ta a Explorateur ka nema daga can. Idan ta dawo daga shagon intanet ka ga foldoji sun koma gumaka masu ƙaramar kibiya, ƙwayar cuta ce ta ɓoye na ainihin. Kada ka danna ko ɗaya. Fara bincikar kile ɗin da Microsoft Defender, sannan a Invite de commandes ka rubuta wannan, ka sa harafin kile ɗinka a madadin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

A AZERTY, AltGr da 8 ne ke ba da alamar \. Idan fayilolin sun bayyana, ka kwashe su zuwa kwamfuta, sannan ka goge kile ɗin gaba ɗaya.

Mataki na 13: Ga mai tsohuwar kwamfuta

Manhajar Everything ta voidtools kyauta ce, ƙarama ce, kuma tana karanta sunaye kai tsaye daga teburin faifan NTFS, shi ya sa take kawo amsa nan take. Sunaye take nema da sauri, saboda haka amfaninta ya rataya ne a kan kyawun sunayen da ka ba fayilolinka.

Rigakafi, da lokacin zuwa wurin mai gyara

Ka ba kowane fayil sunan da za ka iya tunawa bayan shekara: kwanan wata, abin da ya ƙunsa, da wuri, misali 2025-03-14 rasidin taki Tibiri. Ka tsaya a kan rubutu ɗaya na sunayen garuruwa, kuma duk ma'aikatan shago ko ofis su bi shi. Ka ajiye kwafin muhimman takardu a faifai na biyu. Mai Windows 10 ya sani cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka ya ƙara taka-tsantsan da kile ɗin mutane.

Akwai alamun da suka fi ƙarfin waɗannan matakai: faifai yana ƙaran ƙas-ƙas, D ya ɓace ɗungurungum, ko fayiloli suna ƙin buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga haka, ka kashe kwamfutar nan take, domin ci gaba da aiki yana rage damar ceto abin da ke ciki. Ka kai ta wurin mai gyara, ka faɗa masa matakan da ka riga ka bi, kuma kada ka yarda a goge komai sai an kwafe fayilolinka a gabanka ka buɗe wasu daga ciki ka ga suna aiki.