Ciyar da Manyan Kifayen Gilashi Ba Tare da Ɓata Ruwa Ba

Duk wanda ya taɓa ajiye kifin oska a falonsa ya san yadda cin abincinsa yake. Ka jefa masa ƙwaya, ya yi tsalle ya cafke, ya tauna, sai ka ga gari yana fitowa ta kafofin numfashinsa na gefen kai kamar hayaƙi. Wata ƙwayar ma furzo ta zai yi, ya sake kamawa, ya sake furzarwa. Kafin ka gama shan shayi ruwan da ka bari garau ya yi hazo, ɓarɓashi na sauka a hankali yana shigewa tsakanin tsakuwa.

Ba rashin lafiya ba ne, halittarsa ce haka. Oska ɗan dangin sikilid ne, dangin da karfasarmu ta fito daga cikinsa, kuma duk 'yan wannan dangi suna da wasu haƙora na biyu a maƙogwaro, da su suke niƙa abinci kafin su haɗiye. Oska daga kogunan yankin Amazon na Kudancin Amurka ya fito, yana kai tsawon santimita 30 ko fiye. Wasu 'yan dangin masu launin shuɗi da rawaya da ake kira mbuna kuwa daga Tafkin Malawi suke. A kogi ko tafki, abin da ya zube ruwa ne ke tafiya da shi. A akwatin gilashi, ko da mai cin lita 400 ne, abin da ya zube yana nan tare da kifin.

Mutane da yawa idan suka ga haka sai su tafi neman matatar ruwa mafi girma. Ni dai shawarata ita ce ka fara gyara hannunka, domin yawancin dattin daga nan yake shigowa.

Ga abin da ke faruwa da ragowar abinci. Yana ruɓewa ya saki amoniya, wadda ke ƙone wa kifi kayan numfashi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson matata suna juya ta zuwa nitirait, shi ma guba ne, sannan zuwa nitiret, wanda ya fi sauƙi amma yana taruwa sai an canza ruwa. Waɗannan bakteriya suna buƙatar ruwa mai gudana da iska a cikinsa. A nan ne lamarinmu ya bambanta da na masu kiwon kifi a ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Idan wuta ta tafi da rana a watan Afrilu, matata ta tsaya, ruwa ya ɗumama, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ga abincin da ke ruɓewa shi ma yana cinye 'yar iskar da ta rage. Sai ka tarar da kifaye a saman ruwa suna buɗe baki. Saboda haka doka ta farko a gidana: in babu wuta, babu abinci. Babban kifi mai lafiya yana iya yin kwanaki bai ci ba, ba abin da zai same shi. Sa'o'i kaɗan a gurɓataccen ruwa kuwa na iya kashe shi.

Sai batun awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a gaban sikilid ido yana ruɗuwa. Da sun hango ka za su taru a jikin gilashi suna rawar jiki kamar sun shekara ba su ci ba, ko da yanzu ka ciyar da su. Kada wannan ya sa ka ƙara. Ka samu murfin kwalba, ka zuba abincin yini ɗaya a ciki, ka rufe gwangwanin ka ajiye nesa. Daga murfin nan za ka riƙa jefa ƙwaya uku ko huɗu, ka jira su ƙare, ka sake jefawa. Da ka ga an fara tauna ana furzarwa, ko ƙwaya ta nutse ba wanda ya bi ta, ka tsaya. Duk abin bai kamata ya wuce minti biyu ba. Manyan kifaye sau ɗaya ko biyu a yini ya ishe su, kuma yana da kyau ka ware rana ɗaya a mako da ba za ka ba su komai ba. In akwai yara a gidan, ka naɗa mutum ɗaya mai ciyarwa. Na taɓa dawowa daga tafiyar kwana uku na tarar da ruwa kamar kunu, domin kowa a gidan ya tausaya wa kifayen ya zuba musu nasa. Tun daga ranar nake ƙulla abincin kowace rana a takarda daban kafin in fita.

Irin abincin ma yana da tasiri sosai. Mai falle-falle kamar ɓawon albasa na ƙananan kifi ne, idan babban kifi ya kai masa cafka sai ya watse ko'ina. Ka nemi mai ƙwaya-ƙwaya. Girman ƙwayar kada ya wuce girman idon kifin, kuma in kana shakka ka ɗauki ƙarama, saboda wadda za a haɗiye gaba ɗaya ba ta barin gari, babba ce ake niƙawa rabi ya zube. Ga oska, mai yawo a saman ruwa ta fi, domin kana ganin abin da aka ci, abin da ya rage kuma ka kwashe da 'yar raga. Idan gwangwani ya kusa ƙarewa za ka ga gari ya taru a ƙasa. Ka tankaɗe da rariya, garin nan kada ya shiga ruwa.

Na san abincin tarwada ya fi araha kuma ya fi sauƙin samu a kasuwa. Amma an yi shi ne don kifi ya yi ƙiba da sauri a kai shi kasuwa, yana da yawan furotin da mai, za ka ga maiƙonsa a saman ruwa. Ga mbuna ya fi haɗari, domin a tafkinsu gansakukar jikin dutse suke kankara, hanjinsu dogo ne na masu cin ganye, kuma abinci mai nauyi yana cikin abubuwan da ake dangantawa da kumburin ciki da ke kashe su. Ka nema musu abincin masu cin ganye, irin mai sifirulina. Burodi, shinkafa da naman sa kuwa ka bar su a kicin.

Kafin ka ciyar, ka kashe injin da ke juya ruwa na minti goma, don kada igiyar ruwa ta kwashi abinci ta cusa bayan duwatsu. Ka saita ƙararrawa a wayarka ta tuna maka kunnawa, mantuwa a nan tana da tsada. Wani guntun tiyo da ka lanƙwasa ka haɗa bakinsa ya zama zobe zai yi yawo a saman ruwa ya tsare ƙwayoyin wuri ɗaya. In akwai wani ƙaton da ke kore sauran, ka jefa masa nasa a kusurwa ɗaya, sannan ka ba sauran a ɗaya kusurwar. Idan kuma ka ga macen mbuna ta ƙi ci, haɓarta ta kumbura, ƙwai ne ta riƙe a baki, za ta yi wajen mako uku a haka. Kada ka ƙara abinci don ita.

Duk da haka wani abu zai sauka ƙasa. Tsakuwa mai manyan ƙwayoyi tarko ce, datti na shigewa ciki ya ɓuya. Yashi mai laushi da aka wanke sosai ya fi, saboda datti yana zama a samansa kana kallo. Ka ajiye siririn tiyo da bokiti kusa da akwatin. Bayan ciyarwa da kamar rubu'in sa'a, ka zuƙe abin da ka gani, aikin minti biyu ne. Sau ɗaya a mako ka yi babbar shara: ka bi ƙarƙashin duwatsu, ka fitar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka mayar da sabo wanda babu kulorin a ciki. Ka sa guntun soso a bakin da matata ke jan ruwa, zai tare ɓarɓashi kafin ya shiga ya ruɓe a ciki, ka riƙa cire shi kana matsewa duk bayan kwana biyu. Soson cikin matata kuma a ruwan da ka fitar daga akwatin za ka wanke shi. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe bakteriyar da kake dogaro da su.

Akan ce a sa kifi mai shara. Kurungu yakan tsinci abin da ya faɗi, kuma yana iya zama da sikilid saboda ƙayarsa, amma shi ma ci yake yana yin kashi, ba ya fitar da komai daga ruwan. In kana son shi don kyansa ka saya, kada ka ɗauke shi madadin tiyo.

Gobe da safe ka rage abincin da ka saba bayarwa da rabi, ka tsaya a gaban gilashin har a cinye ƙwaya ta ƙarshe. Ka yi haka mako guda, sannan ka duba soson matatarka.