Duwatsun Sama a Ƙasar Hausa: Tsakanin Gatarin Aradu da Kasuwar Duniya

1.0 Gabatarwa

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami, a ƙasar Faskari mai maƙwabtaka da Tsafe. Manomin da ke korar tsuntsaye a wurin ya tsira da ƙyar. Wannan maƙala ta duba yadda Bahaushe ke fahimtar irin waɗannan duwatsu, da abin da ake asara idan an kwashe su ba tare da an taskace labarinsu ba.

2.0 Asalin Duwatsun

Bincike ya tabbatar cewa dutsen Zagami daga duniyar Mas ya fito, kuma irinsa kaɗan ne. Mafi yawan duwatsun da ke faɗowa ɓaraguzai ne na manyan duwatsu masu kewaya rana tsakanin Mas da Jufita. Idan an fasa su, akan ga ƙananan ƙwayoyi kamar na gero, waɗanda suka daskare kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce. Irin wannan ne ya faɗo a Kabo ta Jihar Kano a 1971, da Kilabo ta Jihar Jigawa a 2002. Masana kan raɗa wa dutse sunan wurin da ya faɗo, shi ya sa sunayen waɗannan garuruwa suka shiga littattafan kimiyya na duniya.

3.0 Bambancinsu da Gatarin Aradu

Bahaushe ya daɗe da imanin cewa tsawa kan jefo dutse, wanda yake kira gatarin aradu. Sai dai masu binciken kayan tarihi sun nuna cewa wannan makami ne da mutanen zamanin dutse suka wasa da hannunsu. Dutsen sama kuwa yana da baƙin ɓawo na ƙuna, ya fi dutsen gari nauyi, kuma galibi maganaɗisu kan ja shi saboda ƙarfen da ke cikinsa. Rashin kalma tsayayya da za ta raba biyun yakan sa manomi ya kasa gane darajar abin da ya tsinta.

4.0 Tattarawa da Ciniki

Dillalai kan yanka waɗannan duwatsu su sayar da giram-giram. A watan Yuli na 2025, an yi gwanjon wani dutsen Mas da aka tsinta a yankin Agadas a kan fiye da dala miliyan 5 a birnin Niyok, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Dutse kan isa ɗakin gwaji, amma bayanin wanda ya ji rugugi ya ga haske yakan tsaya a ƙauye, ya bi mai shi kabari.

5.0 Kammalawa

Masanin ƙasa na iya auna dutse, amma tattara shaidar baka aikin manazarcin Hausa ne. Ya kamata a nemi dattawan Tsafe da Faskari da suka riski 1962, a naɗi abin da suka ji, da sunan da suka kira dutsen. Wanda yake ɗan shekara 10 a lokacin, yau ya haura 70.