Ciwon Zuciya Bayan Haihuwa: Abin da Ya Kamata Mai Jego Ta Sani

'Yar uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo da ke kama mata a watan ƙarshe na ciki ko a watanni 5 na farkon jego, wato raunin zuciya. Sau da yawa akan ce ai gajiyar haihuwa ce, ko sanyi ne ya shige ta, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

Zariya tana cikin wuraren da aka fi nazarin wannan ciwo a duniya. A shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, da ke aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1978. A wancan lokaci asibitin yana Tudun Wada, sai a 2005 ya koma mazauninsa na dindindin a Shika. Sun lura ciwon ya fi yawa a watannin zafi da damina, suka kuma danganta shi da al'adunmu na jego: kunun kanwa, wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Hujjarsu ita ce kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

To amma bincike bai tsaya nan ba. A 2020 wani nazari da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya bai samu cewa waɗannan al'adu ne ke ƙara haɗarin ba. Abubuwan da suka fito fili su ne hawan jini na lokacin ciki, da rama, da rashin karatu da sana'a. Saboda haka kada ki ce tunda ba ki shan kanwa kin tsira. Haka kuma idan kina da hawan jini ko kumburi, ki bar kanwa da yawan gishiri, domin za su ƙara miki nauyi ne kawai.

Ga alamomin da za ki kula da su:

1. Numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta, sai kin jingina da matasai.
2. Tari da dare, ko farkawa kina haki.
3. Kumburin ƙafa ko ciki da ke ƙaruwa bayan haihuwa maimakon ya sauka.
4. Bugun zuciya da sauri ko kina zaune.
5. Gajiya mai tsanani, ko shara ba ki iya gamawa.

Idan kin ga waɗannan, ki je asibiti mafi kusa a ranar. Kada ki ce sai an yi suna, ko sai kin yi arba'in. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba ki takardar zuwa Shika. In kuwa numfashi ya tsananta, a wuce da ke sashen gaggawa kai tsaye. Ki tafi da katin awonki da duk maganin da kike sha, har na gargajiya, ki faɗa wa likita gaskiya. Hoton zuciya ne zai tabbatar da ciwon, kuma ba ya da zafi.

Da yake asibitin koyarwa ne, za ki ga ɗalibai tare da babban likita, wani lokaci ma a nemi ki shiga wani bincike. Haƙƙinki ne a yi miki bayani da Hausa, ki amince ko ki ƙi, kuma ƙin naki ba zai hana a kula da ke ba.

Da yawa suna samun sauƙi in an fara magani da wuri. Sai dai kada ki daina sha don kumburi ya sauka. Sannan ki zauna da maigida ku ji shawarar likita kafin wani ciki, domin ɗaukar ciki zuciya ba ta gama warkewa ba yana iya kaiwa ga rasa rai.

Iyayenmu da surukai masu zaman jego, ku ne idon mai jego. Kunya takan hana ta magana, musamman a haihuwar fari. In kun ga tana haki, ku yi mata jagora. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.