Tsoro da koyo: abin da ke faruwa a jikin yaro idan aka yi masa ɗura

Zuwa ga iyaye mata da wakilan lafiya na gari, wato relais, a Tabotaki da sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita.

Uwa, kin san halin da ake shiga idan yaro ya ƙi cin abinci. Kin dama kunu, kin hura ya huce, kin kai masa baki ya kau da kai. Aikin gona yana jira, ga surfe, ga ɗebo ruwa. A irin wannan lokaci ne ake kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwansa, a toshe masa hanci, a zuba kunu a tafin hannu har ya haɗiye. Ba mugunta ke sa a yi ɗura ba, tsoron kada yaro ya rame ne. Sai dai jikin yaro yana koyon wani darasi a wannan lokaci, kuma ba shi ne darasin da kike nufi ba.

Abin da tsoro ke saki a cikin jini

A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka ƙarama. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa tana aika mata saƙo, sai ta zuba wasu sinadarai a cikin jini. Na farko shi ne adirenalin, mai aiki nan take: zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Na biyu shi ne kotizol, mai tafiyar hawainiya, wanda ke kai ƙololuwarsa bayan minti 20 zuwa 30, ya kuma daɗe kafin ya sauka. Waɗannan sinadarai kariya ce. Su ne ke ba ki ƙarfin tsalle idan kika ga maciji a bakin rumbu, su ne kuma ke sa ki riƙa lura da wurin har bayan shekaru.

A nan ne batun koyo ya shigo. Tsoro yana buga hatimi mai ƙarfi a kan abin da ya zo tare da shi: ƙamshi, ɗanɗano, murya, kalar kwano. Yaro ɗan wata 10 ba ya da hankalin da zai ce uwata tana so in yi ƙarfi. Abin da ƙwaƙwalwarsa ta ajiye shi ne: ƙamshin kunu ya zo, numfashi ya yanke. Gobe da ya hango ludayi sai ya fara kuka tun kafin a taɓa shi, a ce ya cika taurin kai, a ƙara danne shi. Ban da wannan, ɗura tana iya tura kunu cikin huhu, ta jawo ciwon haƙarƙari mai kisa. Ko don wannan kaɗai ta isa a bar ta.

Tun 1955 wani masani a Amurka, John Garcia, ya nuna cewa ɓeran da ya sha ruwa mai zaƙi sannan ciwo ya kama shi yakan guji wannan ruwa na tsawon makonni. Haka ɗan Adam yake. Da yawa daga cikinmu akwai abincin da muka daina ci tun ranar da muka yi amai bayansa. Saboda haka kada ki ɓoye magani mai ɗaci a cikin kunun da yaro ke sha kullum, har da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina. Ki jiƙa shi da ɗan ruwa mai tsabta a cokali kamar yadda mai rabawa ya nuna miki, kunu kuwa a bar shi da daɗinsa.

Yadda ake koyon son abinci

Ana haihuwar jariri da son zaƙi da ƙin ɗaci, amma yawancin sauran koya ake yi. Koyon yana farawa tun a ciki, domin ɗanɗanon abin da uwa ta ci yana ratsa ruwan mahaifa, daga baya ya ratsa nono. Uwar da ke cin zogale, wake, yakuwa da miyar kuka tana gabatar da su ga ɗanta tun bai fara cin komai ba.

Daga wata 6, lokacin da ake fara ba shi abinci tare da nono, ƙin sabon abu ɗabi'a ce ta kowane yaro. Bincike ya nuna cewa sau da yawa sai an miƙa sabon abinci sau 8 zuwa 10, wani lokaci fiye, kafin yaro ya karɓa. Yawancinmu a karo na biyu muke yanke hukunci mu ce ba ya so. Idan kin zuba garin ƙuli-ƙuli ko kabewa a kunu ya tofar, kada ki yi faɗa, kada kuma ki daina. Ki ci a gabansa, ki bar shi ya sa hannu ko da zai ɓata riga, ki sake gwadawa bayan kwana ɗaya ko biyu. An gwada haka a Amurka da ƙananan yara da miya: ranar da aka matsa musu su cinye sun fi kushe miyar, kuma wadda ba a matsa musu a kanta ba ita ce cinta ya fi ƙaruwa.

Haka batun yaye yake. Yaron da aka shafa wa ɗaci a nono, aka kai shi gidan kaka a rana ɗaya, ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani, duk a lokacin da ake so ya koyi cin tuwo. Ba mamaki ya ƙi ci har ya rame. A ci gaba da shayarwa har shekara 2, a riƙa ragewa sannu a hankali, yaro yana kusa da uwarsa.

Idan damuwa ta daɗe

Firgita ta ɗan lokaci tana wucewa. Abin da ya fi ɓarna shi ne kotizol ya zauna a sama wata da watanni. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon ilimi yana raunana, ɓangaren tsoro yana ƙara kaifi. Mai irin wannan hali yakan manne wa abin da ya saba, ya kasa gwada sabo. Yunwa kanta tana ɗaga kotizol, kuma an daɗe da sanin cewa yana da yawa a jinin yara masu tamowa mai tsanani. Kin ga yaron da ke zaune shiru, ba wasa, ba dariya, ba ya bin abu da ido. Wannan shirun ba ladabi ba ne.

Abin da ke saukar da kotizol a jikin yaro ba a sayensa a kasuwa. Masu bincike sun auna shi a yawun yara lokacin allurar rigakafi, suka ga yaron da ya saba samun lallashi daga mai rainonsa ba ya hauhawa kamar na sauran. Goyo, kallon ido, waƙa, kiran suna, tafa hannu, duk suna cikin wannan aiki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da nuna ƙauna cikin matakai 10 na jinyar tamowa mai tsanani, kuma shi ya sa ake ƙarfafa wasa da yara a CRENI. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, an bi yara 129 masu tsumburewa, ƴan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara 2, tana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, abin da waɗannan yara ke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Gwangwani da ƴan tsakuwa a ciki, a rufe shi da kyau, ya isa abin wasa.

Ke ma kina da naki nauyin. Daga Yuni zuwa Satumba hatsi ya yi ƙasa a rumbu, a gidaje da yawa na Adar maigida ya tafi bida bai aiko ba. Damuwa tana iya jinkirta saukowar nono na ɗan lokaci, amma ba ta ƙafar da shi, ba ta kuma lalata shi. Ki zauna, ki sha ruwa, ki sa yaro a nono. Tsotso ne ke kawo shi.

Gare ku wakilan lafiya

Abin da aka faɗa game da yaro ya shafi uwarsa. Matar da aka tsawata wa a gaban kishiyoyi da maƙwabta saboda igiyar awon damtse ta nuna ja, kunyar za ta riƙe, bayanin kuwa ya bi iska, wataƙila ma ta ɓoye yaron a zagaye na gaba. Ku fara da gaisuwa, ku zauna a tabarma kamar yadda ta zauna, ku yaba abu ɗaya da take yi daidai, sannan ku ba da shawara ɗaya tak, ku roƙe ta ta gwada a gabanku. Ku jawo kaka cikin zancen da girmamawa, domin sau da yawa ita ce mai yanke maganar ɗura da yaye.

Ku tuna kuma cewa gwajin cin abinci da ake yi da Plumpy'Nut a CSI ana yinsa ne a gefe, wurin da ba hayaniya, yaro a cinyar uwarsa, ba tilas. Haka ya kamata a riƙa ba shi a gida.

Amma ba kowane ƙin abinci ne ke bukatar haƙuri ba. Idan yaro ya ƙi nono da komai, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko jikinsa ya saki, ko awon damtsensa ya kasa milimita 115, a kai shi CSI a ranar, kada a jira ranar kasuwa.