Amsoshin Tambayoyinku: Umarnin Linux Masu Sauƙaƙa Aiki

Wani mai sauraronmu daga Dambatta, mai shagon buga takardu, yana tambaya: waɗanne umarni ne za su sauƙaƙa masa aiki a Linux?

To Malam, Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro Linux a 1991, kuma kyauta ce. Rubuta ls ka ga fayilolinka, df -h kuma ya nuna maka sauran wurin ajiya. Idan sabis ya ɗauke kana tsakiyar sauke fayil, wget -c zai ɗora daga inda aka tsaya, datarka ba ta tafi a banza ba. Maɓallin Tab yana ƙarasa maka dogon suna. Sai dai ka yi hattara da rm, domin abin da ya goge ba ya shiga kwandon shara. Allah ya ba da sa'a.