Bakin Maƙera: Darasin Ƙirar Kalma daga Baje Kolin Kayan Ƙira

A Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, maziyarci yana ganin maƙera suna aiki kusa da kayan da suka baje: zobba, mundaye, 'yan kunne, takubba da sarƙoƙin azurfa. Ga ɗalibin harshe, kowane abu a irin wannan wuri yana ɗauke da suna, kuma sunan yana da ƙira da tarihi. Ba banza ba masana suka kira nazarin ginin kalma "ƙirar kalma", wato suka ari hoton daga maƙera.

Daga aikatau "ƙera" ake samun "ƙira", sannan ɗafa-goshin "ma-" ya haifar da sunaye iri uku. Na farko mai aiki: maƙeri, maƙeriya, maƙera. Na biyu wurin aiki: maƙera, inda ake girke uwar maƙera da zuga-zugi. Na uku kayan aiki, kamar magagari da madoshi. A kalmar "madoshi" an sami ganɗantawa, domin /s/ ta "dosa" ta koma /sh/ a gaban wasalin /i/.

A lura cewa "maƙera" jam'i da "maƙera" wuri rubutunsu ɗaya ne, karin sauti kaɗai ya raba su. Jam'in yana da karin sama, ƙasa, sama. Sunan wurin kuwa sama ne duka. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, jimla ce ke warware ma'ana: "maƙera sun zo" da "maƙera ta yi zafi".

Sunayen ƙarafa kuma suna nuna hanyoyin fatauci. "Azurfa" da "takobi" aro ne daga harshen Buzaye, "zinariya" kuwa tana komawa ga "dinar" na Larabci, wanda shi ma ya samo asali daga Latin. Inda ba a yi aro ba, Bahaushe ya raba ƙarafa da launi: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, farin ƙarfe. Haka aka raba masu sana'ar: maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu kayan ado. Philip Jaggar, masanin nahawun Hausa, ya yi littafi a kan maƙeran birnin Kano a 1994.

A Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, karin harshen Yamma yana sauya lafazin waɗannan kalmomi. Inda Bakano zai ce "fari" da "ƙarfe", mutumin yankin zai ce "hwari" da "ƙarhe". Ƙasar Adar ta daɗe da sanin narkar da tama, har Nicole Echard ta yi bincike a kan maƙeranta a shekarun 1960, ta ɗauki aikinsu a fim mai suna Noces de feu.

Narkar da tama ta ja da baya tun da tarkacen ƙarfen mota ya wadata, kayan ado na kanti kuma sun cika kasuwa. Idan aiki ya daina gudana, kalmomin matakansa ne ke fara ɓacewa, domin babu mai buƙatar furta su. Takardar bayani da aka rubuta da Faransanci kaɗai tana iya kiran munduwa da awarwaro da suna guda, alhali maƙeri da mai saye sun san bambancinsu.

Saboda haka ɗalibin da ya je baje koli ko maƙera ya riƙa tambayar sunan abu daga bakin wanda ya ƙera shi, ya naɗi muryarsa da izininsa, ya rubuta tilo da jam'i da jinsi, ya sa alamar karin sauti da tsayin wasali, ya kuma ambaci garin mai magana. Kada ya gyara "ƙarhe" zuwa "ƙarfe", domin lafazin shi ne shaidar da ake nema.