Kada Ki Yi Gaggawa a Kan Ɗigo da Layi

'Yata, Allah Ya sanya alheri a wannan koyarwa da kika fara. Tunda lissafi aka ba ki, ina roƙonki abu ɗaya: ranar da kika zo darasin ɗigo da layi, ki sassauta. Malamai da yawa kan ɗiga alli a allo, su ja layi da rula, su ce "kun gane?", yara su amsa baki ɗaya, a wuce. Sai an kai ga kusurwoyi da alwatika tukuna ɓarakar take bayyana.

Ki fara nuna musu cewa ɗigon allin nan wakili ne kawai. Ɗigo na gaskiya ba shi da tsawo, ba shi da faɗi, matsayi kaɗai yake nunawa. Layi kuma yana da tsawo, ba shi da kauri, ba ya ƙarewa a bakin allo. Kada ki wahalar da su da haddar ma'ana. Ko Iƙlidis, wanda ya rubuta littafinsa mai juzu'i 13 a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, bai dogara da ma'anonin da ya bayar ba wajen kafa hujja. Ƙa'idojin da ke haɗa ɗigo da layi su ne jarinsa. Littafin nan shi ne Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya mayar Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid. A 1899 ma masanin lissafi Bajamushe Hilbert ya bar ɗigo da layi da shimfiɗa ba tare da ba su ma'ana ba, ya tsaya kan dangantakarsu. A ganina ya kyauta.

To, ki bar yara su gano dangantakar da hannunsu. Ɗigo ɗaya, layuka nawa za su ratsa shi? Za su yi ta ja har su gaji. Ki ƙara na biyu a wani wuri daban. Yanzu miƙaƙƙen layi ɗaya tak ne zai bi ta kansu duka. Daga nan ki tambaye su: layuka biyu mabambanta za su iya haɗuwa sau biyu? Ki yi shiru, ki jira, ko da shirun ya yi tsawo. Wani zai ce ai da sun haɗu sau biyu, da an sami layi biyu a kan ɗigo biyu, mu kuwa mun ce ɗaya ne. Yaron nan ya kafa hujjarsa ta farko ke nan a rayuwa, ki yaba masa sosai.

Shimfiɗa ita ce mai wuyar, domin allo da kansa shimfiɗa ɗaya ne, yaro ba ya hango wata. Ki kai su bakin ƙofar aji. Ƙarafa biyun da ke riƙe ƙyaure suna kan layi ɗaya, ƙyauren kuwa yana juyawa. Duk inda ya tsaya, shimfiɗa ce daban, kuma kowacce ta ƙunshi layin nan. Ko kafinta ya ƙara ƙarfe na uku a tsakiya, ƙyaure zai ci gaba da juyawa, tunda na ukun yana kan layin. Amma ki zura sakata, wadda take can gefe, nan take ya tsaya cak. Saboda haka kada ki yarda yaro ya ce miki "ɗigo uku suna ba da shimfiɗa" ya yi shiru. Sai ya ƙarasa: ɗigo ukun da ba sa kan layi ɗaya. Rabin maganar ba rabin maki ba ne, kuskure ne, kuma ki gyara shi da murmushi.

Ba za ki rasa mai kaifin kai da zai ɗauko ƙwallon taswirar duniya ba, ya nuna miki layuka birjik da suka taso daga ƙuryar arewa suka haɗu a ƙuryar kudu. Kada ki tsawata masa. Ki ce ya yi daidai, sai dai ƙa'idarmu ta shimfiɗa ce, bayan ƙwallo kuwa da nasa hukuncin, zai same shi a gaba. Idan kuma sun tambaye ki ɗigo na huɗu, ki ba su shi aikin gida: su nemo ɗigo huɗu a kusurwoyin ɗakinsu waɗanda shimfiɗa ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba.